Kafin mu sa wa ƙarfen sabis kwaɗo, mu san abin da ke cikinsa



A zaman ƙungiya da ya gabata an kawo shawarar a sayo kwaɗo a garƙame ƙofar shingen ƙarfen sabis da ke bayan makarantar Islamiyya, kada motar gas ta sake shiga, kada wani injiniya ya sake taka wurin, har sai kamfani ya zo ya zauna da mu. Hannuwa da yawa sun tashi, kuma ba na yara kaɗai ba, har da dattawan da muke jin nauyinsu. Mu da ke kula da wannan shafi ba mu ɗaga namu ba. Mun yi alkawarin za mu rubuto dalilinmu kowa ya karanta a natse, saboda a wurin taro hayaniya ta hana a ji juna.

Ba mu ce masu fushi ba su da gaskiya ba. Gidajen da ke manne da shingen sun shekara suna kwana da rurin janareta. Baƙin mai yana gangarowa kwata duk lokacin da aka yi wa injin juye. A bazarar da ta wuce ɓangaren gabas na unguwar nan ya yi fiye da mako guda sabis yana zuwa yana ɗaukewa, masu POS suka riƙa ɗaukar na'urarsu suna fita bakin titi, mai shago ya riƙe kaya yana jiran alat, mai saye ya tsaya yana rantsuwa cewa kuɗi sun fita. Akwai gidan da naƙuda ta tashi cikin dare, kira ya ƙi shiga, sai da aka bi gida-gida ana buga ƙofa kafin a samu mai Keke Napep da zai kai su asibiti. Duk wannan kuwa bayan hukumar NCC ta amince a watan Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Wanda aka ƙara wa kuɗi yana da bakin tambaya.

Abin da muke ja a kai shi ne kwaɗon. Bayan taron mun nemi wani ɗan unguwar nan da ya yi karatun lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, yanzu kuma aikinsa ke nan hawa irin waɗannan ƙarafa daga Bauchi har Alkaleri da Dass. Mun zauna da shi daga bayan Isha'i har shayi ya huce sau biyu. Abin da ya fahimtar da mu shi muke son ku ji.

Kowa a cikinmu ya san amfilifayar masallaci. Ladan yana magana da muryarsa ta kullum, akwatin nan shi ke ɗaukar muryar ya ƙara mata ƙarfi, lasifika ta watsa ta har ƙarshen unguwa. Ranar da akwatin ya yi zafi ko waya ta kwance, ladan yana nan yana kiran salla, amma na layi na uku ba ya ji. To haka ƙarfen sabis yake. Dogon ƙarfen da muke gani tsani ne kawai. Fararen allunan nan dogaye da ke can sama su ne lasifikar, wato eriya. A bayan kowace eriya, ko a cikin akwatin da ke ƙasa idan tsohon aiki ne, akwai na'ura mai ɗauke da amfilifaya. Siginar da ke fitowa daga cikin injinan kamfani ba ta da ƙarfin da za ta tsallake katanga, amfilifayar ce ke ɗaga ta zuwa wat 20 ko 40 ko fiye, sannan ta iso wayar da ke cikin ƙuryar ɗakinki, Hajiya.

Akwai kuma ta biyu wadda aikinta sauraro ne. Wayar hannu ba ta da murya: a tsohon layin kira ba ta wuce wat 2, a layin 4G kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat guda take fitarwa. Kafin wannan raɗa ta isa saman ƙarfe ta kusa ɓacewa, sai wata amfilifaya mai kunne ta ɗauke ta ta ƙara mata ƙarfi ba tare da ta haɗa da shiririta ba. Wannan na cikin dalilan da ke sa ka ga sabis ya cika a fuskar wayarka, ka buga kira ya ƙi fita. Kai kana jin ƙarfe, shi ne ba ya jin ka.

Yawanci eriyoyin kashi uku ne, kowane kashi ya fuskanci nasa ɓangaren, kowane da tasa amfilifayar. Da muka ba shi labarin abin da ya faru da gabashin unguwa, bai ma bari mun ƙarasa ba. Ya ce idan gabas ta mutu yamma tana aiki, kusan kullum kashi ɗaya ne ya samu matsala, kuma gyaransa sai mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau.

Babban abokin gabar wannan na'ura zafi ne. Amfilifaya ba ta mayar da duk wutar da ta sha ta zama sigina, kaso mai yawa zafi yake zama, shi ya sa bayanta yake da tsage-tsage kamar na injin babur, don iska ta ratsa. Ku tuna yadda Bauchi take a Maris da Afrilu, rana tana kusantar digiri 40 a inuwa, ita kuwa na'urar tana rataye a tsakiyar rana tun hantsi. An ƙera ta da dabarar kare kanta: idan zafi ya kai wani mataki sai ta rage ƙarfi da kanta, idan ya wuce sai ta kashe kanta ta huce. Da ta rage ƙarfi, da'irar da take kaiwa sai ta tsuke, gidajen da ke gefe su faɗo waje. Wanda ya lura sabis ɗinsa yana lalacewa tsakanin Azahar da La'asar ya dawo bayan Magariba, ba aljanu ba ne.

Hunturu kuma yana zuwa da nasa. Ƙurar da muke sharewa a kan tabarma sau uku a rana ita ce ke toshe matatar iska da fankokin akwatunan ƙasa, ta kwanta a tsage-tsagen nan ta zama bargo. Idan ba a zo an kakkaɓe ba kafin zafi ya shigo, to na'urar za ta shiga bazara da bargo a jikinta. Aikin bai fi na burushi da abin hura iska da canjin matata ba, amma dole sai an buɗe ƙofa.

Na damina ya fi ba mu mamaki. Tsakanin amfilifaya da eriya akwai guntayen wayoyi masu kauri, kowace da mahaɗi a bakinta, an naɗe shi da roba da tef don kada ruwa ya shiga. Rana tana dafa tef ɗin nan shekara da shekaru har ya tsage. Ruwan farko na sauka, ɗigo kaɗan ya shiga mahaɗi, sai wani kaso na ƙarfin da amfilifaya ta tura ya kasa fita ta eriya, ya juyo baya ya dawo kanta. Kamar ka toshe bakin tiyo famfo yana aiki. Na'urar tana auna abin da ke dawowa, idan ya yi yawa sai ta rage ƙarfi ko ta tsaya, in ba haka ba ta ƙone. Injiniya yana da wani ma'auni da yake haɗawa a bakin waya, ya nuna masa a mita nawa daga inda yake tsaye matsalar take. Ya hau, ya kwance, ya busar ko ya canza mahaɗin, ya ɗaure da ƙarfin da aka ƙayyade, ya sake naɗewa. Aikin awa biyu ne idan an zo da wuri. Idan aka bari ruwa ya zauna har tsatsa ta kama, sai a canza waya, wani lokaci har da na'urar, ita kuwa daga waje ake shigo da ita, da dala, kuma kowa ya san inda dala ta kai tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023. Wanda ya ga guguwar da ta afka wa garin nan a watan Yunin 2018, a ranakun ƙaramar Salla, yadda ta kwashe rufin gidaje ta karya turakun wuta, ba sai an faɗa masa abin da iska ke yi wa abin da ke rataye a sama ba. Eriya ko ɗan karkacewa ta yi, sabis ɗin da ya kamata ya sauka a layinku sai ya tafi gona.

Za ku ce ai kamfani yana gani daga ofis. Gaskiya ne yana gani. Kowace na'ura tana aika ƙorafinta zuwa cibiyar sa ido, kuma daga can ana iya kashe ta a sake kunnawa kamar yadda muke yi wa waya idan ta daskare. Amma ba wanda ya taɓa busar da mahaɗi daga Legas, ko ya kakkaɓe ƙura da kwamfuta.

Sai maganar wuta, wadda ita ce kwaɗon zai fara taɓawa. Na'urorin nan ba sa shan wutar gida kai tsaye, ana juya ta zuwa bolt 48 irin ta batir, ta bi ta cikin jerin batura. Wutar gari idan akwai, janareta idan babu, wasu wuraren da farantan sola. Mu tuna watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wutar da ke shigowa Arewa suka lalace aka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mun yi layi a wurin masu cajin waya, ƙanƙara ta zama gwal, amma a unguwar nan muna kunna waya muna samun sabis. Motar gas ɗin da muke son tarewa ita ta riƙe mu a kwanakin nan, a lokacin da litar gas ta riga ta haura Naira dubu. Idan aka hana ta shiga, tankin zai ƙare cikin kwanaki, batura su ɗauka na 'yan awanni, daga nan na'urar da ke kula da wuta ta fara yanke kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma amfilifayoyin da suka fi shan wuta su ake fara yankewa. Batir da aka bari ya zuƙe ƙarƙaf sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Wato ko an cire kwaɗon bayan mako biyu, wurin ba zai dawo da lafiyar da muka same shi da ita ba, mu ne kuma za mu zauna da shi.

Ba mu kaɗai ba ne ma. Ku ɗaga kai ku duba, akwai wasu abubuwa masu kama da ganga ko faranti a jikin ƙarfen. Su ne ke haɗa wannan ƙarfe da wani, wani da wani, kamar sarƙa, har a kai inda wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa take. Namu yana da irin gangunan nan fiye da ɗaya, alamar akwai wasu ƙarafan da ke bi ta kansa. Ranar da ya mutu, wataƙila wani ƙauye da ke kan hanyar fita gari, wanda bai san da rigimarmu ba, shi ma ya mutu tare da shi. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana zama ba sabis a watan Satumban 2021 da gwamnati ta sa aka rufe layuka saboda 'yan bindiga, har mutum ya shiga mota ya tsallaka wata jiha don ya buga waya ɗaya ko ya karɓi kuɗin da aka turo masa. Su dole aka yi musu. Mu kuma da kuɗinmu za mu sayo kwaɗon.

Wani abin da da yawanmu ba mu sani ba: sunan da ke kan layin wayarka ba lalle shi ne mai ƙarfen ba. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban ƙarafansu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS da ATC da wasunsu, suka koma 'yan haya. Ƙarfe ɗaya yana iya ɗaukar kamfani biyu ko uku. Mai ƙarfe shi ke da janareta da shinge da maigadi, mai layi shi ke da na'urorin sama, kowannensu kuma yakan ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba wani. Yaron da ya zo da jaka a kan babur, wanda matasanmu suka taɓa tsarewa suna cewa sai ya sauke kuɗin unguwa, shi ne na ƙarshe a wannan jeri. Ba shi da ikon haƙa rijiyar burtsatse, ba shi da ikon ɗaukar kowa aiki, sau da yawa kuɗin mansa ma bin sa yake. Huce haushin kaza a kan dami ke nan. Ya gaya mana, shi ɗan unguwarmu, cewa a tsakaninsu sun san unguwannin da ake wahalar shiga, kuma idan ƙorafi biyu ya zo lokaci guda, ba sai an tambaye su wanne za su fara zuwa ba.

Sannan akwai doka. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake ba kariya ta musamman. Ma'anarsa, taɓa su ya tashi daga rigimar unguwa da kamfani, ya koma laifin da gwamnatin tarayya ke bi. Ba ma son ranar da za a zo da mota a kwashi 'ya'yanmu uku ko huɗu, waɗanda suka ɗaga hannu a taro kuma kowa ya shige gida.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun faɗi warin kamfani, mu faɗi namu. Jar wayar tagulla da ke saukowa daga saman ƙarfe ta shige ƙasa, wadda ke kwashe tsawa ta zubar, sau biyu ana yanke ta a wurin nan. Wanda ya yanka ya kai wa 'yan gwangwan ya karɓi abin da bai wuce kuɗin cefanen kwana biyu ba, ya bar na'urar miliyoyi tsirara a gaban tsawar Agusta. Ba daga Jos ya zo ba, kuma ba a ɗauki tagulla a wuce ta gaban masu shayi ba wanda ya gani. Haka batura, haka gas da ake zuƙa da tiyo a sayar a jarka. Akwai kuma ƙananan na'urorin ƙara sabis da wasu ke sayowa a kasuwa su kafa a kan rufi. Mun fahimci dalili, mutum ya gaji da fita tsakar gida don amsa waya. Amma ita ma amfilifaya ce, mai arha, marar tacewa, tana yi wa kunnen ƙarfe ihu har ya kasa jin wayoyin maƙwabta. Gida ɗaya ya samu, layi guda ya rasa. NCC ta sha gargaɗi cewa kafa su ba da izini ba laifi ne. Duk mai irin wannan a gidansa, don Allah ya kashe ta na kwana uku ya tambayi maƙwabtansa ko sun ga bambanci.

Wasu iyayenmu mata sun tambaya ko ƙarfen yana jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a samu gamsasshiyar hujja ba cewa siginar da ke isowa gidaje daga irin waɗannan ƙarafa tana cutarwa. Abin da muke gani da ido shi ne hayaƙi da ƙara da man da ke bin ƙasa kusa da rijiyoyi, kuma a kan waɗannan ya kamata mu tsaya kai da fata.

Ga abin da muke ba da shawara a madadin kwaɗo. A rubuta takarda da sunan ƙungiya, mai unguwa ya sa hannu, a kai wa mai ƙarfen, a ba kamfanonin da ke haya a kai kwafi. A jikin ƙofar shingen akwai allo mai lambar wurin, da ita suke gane shi, a saka ta a takardar. A nemi abin da ke hannunsu kuma haƙƙinmu ne: a gyara ko a canza janareta zuwa marar ƙara, a yi wa wurin juyen mai dakali da rami don ya daina bin kwata, a ƙara sola da batura yadda injin zai riƙa hutawa da dare, a ba mu lambar mutum ɗaya mai alhakin wurin wanda zai ɗauki waya. A nemi maigadi ya zama ɗan unguwa, a kuma biya shi a kan kari, don maigadin da ya yi wata uku ba albashi kowa ya san abin da zai faru da tankin da yake gadi. Maganar burtsatse a saka ta a matsayin roƙo, kada a cakuɗa ta da haƙƙi, don idan aka haɗa su za a amsa mai sauƙin a manta da mai wuyar.

Ƙorafin sabis kuma mu daina yin sa a majalisa kaɗai. Kowa ya kira kamfanin layinsa ya karɓi lambar ƙorafi ya rubuta. Idan ba a gyara ba, a kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, za su tambayi waccan lambar. Kuma a yi bayanin da zai yi amfani. "Ba sabis" ba ya kai injiniya ko'ina. A ce layi kaza, daga masallaci zuwa gabas, daga ƙarfe ɗaya na rana zuwa biyar, kira ne ba ya fita amma data tana aiki, ya fara ne bayan ruwan daren Talata. Ɗan unguwarmu ya ce da irin wannan bayani yakan san abin da zai saka a jaka tun kafin ya baro gida. Mutum talatin su yi haka a mako guda, kowa da lambarsa, ya fi kwaɗo goma nauyi a teburin da ake yanke shawara.

Muna kuma da wata buƙata da ta wuce unguwarmu. Garin da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Tarayya da ta Tatari Ali bai kamata a ce na'ura ta lalace a jira kwanaki kafin a kawo wata daga wani gari ba, ko a jira mai hawa ya taso daga nesa. Yaranmu da suka karanta lantarki suna nan suna gyaran waya a Wunti, wasu suna tuƙa Keke. Kamfanonin da ke karɓar kuɗinmu kullum su ajiye kayan canji a Bauchi, su ɗauki ɗalibai koyon aiki, su koya musu hawa da igiyar tsaro da amfani da ma'auni. Wannan magana ce da ya dace wakilanmu a majalisar jiha su ɗauka, mu kuma za mu kai musu ita a rubuce.

Daftarin takardar yana wurin sakatare, duk mai gyara ko ƙari ya same shi kafin zaman Asabar bayan La'asar. Gidaje huɗun da ke manne da shinge muna roƙon su zo da kansu, su ne za su fara sa hannu. Waɗanda suka kawo shawarar kwaɗo kuma muna son biyu daga cikinsu su shiga cikin masu kai takardar, a ba kamfani wa'adin da taro ya amince da shi. Kuɗin da aka riga aka tara na kwaɗo da sarƙa suna nan wurin ma'aji ba a taɓa ba, taro ne zai faɗi abin da za a yi da su.